Ƙafafun Ta-Bariki da Burtalin Unguwar Ɗinya

Da sunan Allah nake farawa, Shi ne Mai kai matafiyi, Mai komo da shi. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, labarin tafiyata zuwa Unguwar Ɗinya ya riga ni isowa Bacirawa, kuma ya iso da ƙari iri-iri. A majalisar ƙofar masallaci an ce motata ta faɗa rijiya, wani kuma ya rantse shanu ne suka jawo ta har Kano. Ga yadda al'amarin ya gudana, zango-zango, daga bakin wanda ya faru a kansa.

Talata: tashi daga Bacirawa

Mun tashi ran Talata, tsakiyar damina, da ƙarfe biyar da minti arba'in, bayan an idar da sallar asuba, gari bai waye ba. Mu biyu ne: ni da taubashina Saje Garba, ɗan kawuna, wanda ya yi shekara ashirin da biyu yana tuƙa motocin soja. Saboda wannan tarihi ba ya barin kowa ya taɓa sitiyarin motata, har da ni mai ita.

Motar kuwa kun san ta. Tsohuwar motar soja ce mai ja da ƙafa huɗu, wadda na saya a gwanjo shekarar da na bar aikin malamin gona. Na sa aka shafe korenta da fenti ruwan ƙasa, mutanen unguwa suka raɗa mata suna Ta-Bariki. Injinta lafiyayye ne. Aibinta guda ɗaya: tun bara giyar baya ta daina shiga. Ban ɗauki wannan a bakin komai ba, domin ni ban saba fita da niyyar ja da baya ba.

Dalilin tafiyar shi ne yayata, Yaya Dije, wadda ta goye ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, yanzu ta haura tamanin. Shekara uku ke nan ciwon yanar ido ya rufe mata idanu biyu. 'Yata Binta, ma'aikaciyar jinya, ta samo mata rana a asibitin ido a Kano: Alhamis, ƙarfe takwas na safe. Wanda ya saɓa lokacinsa sai ya koma ƙarshen layi, layin kuwa na watanni ne, alhali masu duba ido da suka zaga ƙauyuka sun ce idonta na dama ba zai jira watanni ba. Yaya ba ta hawa babur, gwiwoyinta kuma ba sa kai ta ko bakin rijiya. Na aika mata cewa ni da kaina zan ɗauko ta daga ƙofar ɗakinta.

To, tsakanin Rimin Gado da ƙauyenmu akwai Rafin Ɗinya, fadama ce mai baƙar laka, wadda Ta-Bariki ta taɓa kwana biyu a cikinta. Na yi shawara da kaina, muka amince cewa maganin rafin nan manyan tayoyi ne.

Ƙofar Ruwa

Mun isa Ƙofar Ruwa da ƙarfe shida da kwata, masu shaguna ba su fito ba. Muka sha koko da ƙosai a gindin wata bishiya, muna jiran Malam Ado mai faci, mutumin da ya ajiye mini tayoyi biyar da aka ciro daga wata motar haƙar rijiyar burtsatse. Na hannu ne, amma haƙoransu ba su ci ba. Kowace ɗaya idan aka tsayar da ita takan kai mini ƙugu. Farashinsu ba zan rubuta ba, domin uwargidana tana iya karatu.

Malam Ado ya zagaya motar sau biyu, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashinta, sa'an nan ya miƙe yana kaɗe gwiwa.

"Alhaji, waɗannan fa ba nata ba ne."

"Na san ba nata ba ne. Nata ne suka kwana biyu a laka."

"Za su shiga, amma sai an ba su wuri. Ta ciki za su gogi sifirin, ta sama za su gogi bodi."

"To, a ba su wuri."

Saje Garba yana zaune a kan benci yana tauna goro. Ya ce, "Malamin gona, waɗanda suka ƙera motar nan sun auna ƙafarta kafin su ɗinka mata takalmi."

Na ce, "Waɗanda suka ƙera ta ba su taɓa ganin Rafin Ɗinya ba."

"Gaskiya ne. Su ma Allah ya rufa musu asiri."

Aka ɗaga mota a kan jak da guntayen katako. Domin tayoyin su nisanci sifirin, sai da aka je wajen mai injin juya ƙarfe ya yanko faifai huɗu masu kauri, aka sa kowane ɗaya a bayan taya domin ya turo ta waje. Da aka sa faifan sai kusoshin suka gaza, aka koma neman dogaye, aka same su bayan azahar. Da aka ɗaura na gaba aka murɗa sitiyari sai muka ji ƙara kamar ana yanka akuya: taya ta kama ƙarfen da ya rufe samanta. Aka kira mai walda. Ya dube ni, ya dubi ƙarfen da ya tsira daga shekarun bariki babu ko lotsawa, ya ce, "Baba, in yanka?" Na kawar da kai na ce ya yanka.

Da rana muka ci gurasa bandashe, ta ji ƙuli da man gyaɗa. An gama aiki da ƙarfe biyar da minti goma. Malam Ado ya ɗauko igiyar awo ya gwada, ya ce, "Ta ƙara tsawo da taƙi guda. Ta ƙara faɗi da taƙi guda a kowane gefe." Ya faɗi wannan a fili, har sau biyu, kuma na rubuta shi a littafina da hannuna. Sai dai a shafin alfahari na rubuta shi.

Taya ta biyar, watau safaya, ta ƙi shiga mazauninta, aka kwantar da ita a baya inda na yi niyyar shimfiɗa wa Yaya katifa. Tsofaffin tayoyin kuwa babu wurin ɗaukarsu, na bar wa Malam Ado su kyauta, a gaban jama'a, da murya mai ɗan ƙarfi. Da na zo shiga sai na tarar matakalar da na saba takawa ta koma sama. Aka jawo mini benci na hau, ina riƙe da gefen babbar riga, masu kallo suka yi mini addu'ar sauka lafiya. Ban tambaye su ko saukar tafiya suke nufi ko ta mota ba.

Rijiyar Zaki

Mun kwana a Rijiyar Zaki, gidan Binta. Da mun isa kafin magariba, ba don kwanar da ke shiga layinsu ba. Sitiyari ya daina kaiwa ƙarshe, motar ta ƙi lanƙwasa yadda ta saba, ja da baya kuwa babu. Muka wuce muka zagaya unguwar gaba ɗaya, muka shigo ta wancan bakin, Saje yana gumi yana kokawa da sitiyari kamar mai kayar da sa ran Babbar Salla.

Binta ta kawo tuwon shinkafa da miyar taushe, ta durƙusa ta gaishe mu, sa'an nan ta leƙa waje ta ga abin da ke tsaye a ƙofar gidanta. Ta komo ciki ta dube ni.

"Baba, da an buga wa Yaya Sani waya an tambayi halin da hanya take ciki." Sani shi ne babban ɗan Yaya Dije, shi ke noma gonata ta gado.

Na ce, "Ke Binta, na san rafin nan shekara saba'in. Ba a tambayar ɗan cikin yayata halin rafin da na koyi iyo a cikinsa."

"To, Baba. Katin asibitin dai yana hannun Gwaggo Dije. Takwas na safe, don Allah."

"Kafin bakwai da rabi za ki gan mu."

Saje ya ce, "In ba ki gan mu ba za ki ji mu."

Laraba: hanyar Rimin Gado

Mun bar Rijiyar Zaki da ƙarfe bakwai. A kan kwalta tayoyin suna wani irin gurnani wanda ya sa dole mu riƙa magana da ƙarfi, kamar masu gaisawa daga gona zuwa gona. Daga saman kujera ina hangen gero ya fitar da kai, dawa ta yi kore shar, gona tana manne da gona, babu ko filin da za a shanya tabarma. Na ce wa Saje ban taɓa ganin ƙasar nan da kyau haka ba. Ya ce ai tsawon ne, kuma da ma don kallon gonaki aka saya, da an ci riba.

Da ƙarfe takwas saura kwata muka tarar da shingen jami'an tsaro. Wani matashi a cikinsu ya hango mu daga nesa ya gyara tsayuwa, har ya fara ɗaga hannu zai sara, sai ya ga dattawa biyu da huluna. Ya matso, ya ɗaga kai sama domin ya gan ni.

"Baba, sannu da hanya. Yaƙi za a je?"

"Asibitin ido za mu kai wata baiwar Allah."

"Asibitin ai baya kuka baro shi."

"Sai mun ɗauko mai idon tukuna."

Ya duba takardu, ya shafa taya ɗaya da tafin hannu, ya ce Allah ya ba ta lafiya. Muka wuce.

A wani ɗan hawa sai na ji motar tana nishi. Saje ya sauko da giya, ya sake saukowa da ita, har wata adaidaita-sahu ɗauke da buhunan taki ta wuce mu, direbanta yana ɗaga mana hannu cikin girmamawa. Saje ya ce ƙarfin da injin ya saba kashewa wajen tafiya yanzu wajen juya takalmi yake tafiya.

Mun shiga Rimin Gado da ƙarfe tara. Na duba agogon awon tafiya na ga mil goma sha biyu, alhali a da sha huɗu yake nunawa. Na yi murna na ce tayoyin har hanya suke ragewa. Saje ya bayyana mini cewa agogon juyin taya yake ƙirgawa, babbar taya kuwa juyinta kaɗan ne, saboda haka hanya tana nan yadda Allah ya shimfiɗa ta. Duk nisan da na ambata daga nan, mai karatu ya ƙara masa kaɗan.

Muka sha fura da nono a bakin tasha, muka sayi gasasshiyar masara, naira ɗari biyu kowace ɗaya. Mai masarar ya tambayi inda muka nufa, na ce Unguwar Ɗinya. Ya ce, "Ai hanyar Ɗinya yanzu lafiya lau." Na ɗauka irin gaisuwar nan ce da ake yi wa baƙo, wadda kome aka tambaya lafiya lau yake.

Rafin Ɗinya

Mun sauka daga kwalta da ƙarfe tara da rabi, muka yi mil huɗu a kan burji. Da muka doshi gangaren rafi na gyara zama, na riƙe ƙofa, na yi bisimilla. Muka sha kwana ta bayan wata babbar ɗinya.

Babu laka. A inda Ta-Bariki ta kwana biyu akwai kwalbati na siminti, mai baki biyu, an cike samansa da jar ƙasa an daɓe, ruwa yana wucewa ta ƙarƙashi cikin ladabi. Wani dattijo yana ƙetarawa a kan keke, ko ƙafa bai sauke ba. Muka tambaye shi, ya ce wata goma sha huɗu ke nan da unguwanni uku suka yi gayya suka gina shi.

Saje ya hau tsakiyar kwalbatin ya tsaya. Ya miƙa hannu a hankali ya sa giyar ƙafa huɗu.

"Me kake yi haka?"

"Kada tayoyin su ji an wulaƙanta su, Malamin gona."

Ni kuwa hankalina yana wani wuri. Ina lissafin rabona da hanyar nan ne, sai na tarar shekara biyu cif.

Burtali

Wanda bai san ƙasarmu ba ya sani cewa daga rafi zuwa cikin ƙauye babu hanya sai burtali, watau siririyar hanyar da ake bari tsakanin shingen gona da shingen gona, domin dabbobi su wuce ba su taɓa amfani ba. Shingen na aguwa ne, mai kauri, ya fi mutum tsawo. Kakanninmu sun bar faɗinsa yadda jakuna biyu masu mangala za su gifta juna.

A wuri guda, tsawon taku tamanin, burtalin ya ratsa tsakanin gonata ta gado a dama da gonar Malam Ilu a hagu. Shekara goma sha tara da suka wuce Malam Ilu ya sabunta shingensa, ya turo shi cikin hanya da kamu ɗaya. Na kai ƙara wajen mai unguwa na lokacin, aka yi ta zama ba a yanke komai ba. Sai na ɗauki matakin da ya dace da mai ilmin aikin gona: na turo nawa shingen da kamu ɗaya. Tun ran nan ba mu ƙara haɗa hannu ba. Al'adar wurin kuwa ita ce, duk wanda ya tuge shingensa da hannunsa a gaban shaidu, ya mayar wa hanya ƙasar ke nan, ba ya sake dasawa sai inda mai unguwa ya nuna. Saboda haka kowannenmu ya riƙa kula da aguwarsa kamar 'ya'yan cikinsa.

Da tsofaffin ƙafafunta Ta-Bariki takan wuce wurin nan, da ratar tafin hannu a kowane gefe. Da ƙarfe goma sha ɗaya da minti ashirin ta shiga da sababbi. Ta yi taku goma, aguwa ta rungume ta dama da hagu, tayoyin gaba suka daki kututture, ta tsaya.

Ƙofofi suka ƙi buɗewa. Sai ta taga muka fita, muka bi ta saman injin muka diro gaba. Ba zan tsawaita bayanin yadda mai shekara saba'in da huɗu ya yi wannan da babbar riga ba. Aka tara maza goma sha biyu su tura ta baya. Gangare ne muka sauko, ƙasa kuma ta jiƙe, ko motsi ba ta yi ba. Kafin azahar masu babura sun taru a bayanmu, jakuna uku da mata masu tallan nono sun taru a gabanmu, babu mai wucewa sai awaki, waɗanda suka riƙa bi ta ƙarƙashin mota ba tare da sun sunkuya ba. Nan ne kaɗai ƙarin tsawon ya amfani wani.

Malam Ilu ya fito daga cikin geronsa da fartanya a kafaɗa. Ya tsufa, ya rame, amma idon nan nasa yana nan. Ya yi sallama ga jama'a, ya zauna a kan kunya, ya ajiye fartanya.

Mai unguwa ya iso, ɗan wancan na da ne. Ya duba gaba ya duba baya, ya ce babu mafita sai motar ta wuce cikin gari ta juyo a dandali, kuma ba za ta wuce ba sai shinge ɗaya ya kauce.

Na ce, cikin murya ta adalci, "Kowa ya ba da rabi. Rabin kamu daga dama, rabi daga hagu."

Malam Ilu ya ce, ba ni yake kallo ba, "Ranka ya daɗe, a tambaya mini Alhaji, shingena ne ya je Kano ya sayo taya?"

Aka yi dariya ƙasa-ƙasa. Na ce shi ya fara cin hanya. Ya ce haka ne, kuma shekara goma sha tara hanya ba ta taɓa kai ƙararsa ba sai yau da aka kawo mata abin da ya fi ƙarfinta. Muka yi sallar azahar a bakin gona, sahu ɗaya, kafaɗata tana gugar tasa, muka sallame muka ci gaba daga inda muka tsaya.

Ana cikin haka Sani ya iso daga cikin gari. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce, "Kawu, Inna ta ce a gaya wa Auta ta ji kukan motarsa tun daga rafi. Ta yi wanka ta ɗaura sabon zane. Tana zaune a tsakar gida da katinta a hannu, ta ƙi yarda a karɓa a ajiye mata."

Duk duniya ita kaɗai ta rage mai kirana Auta.

Saje ya matso kusa da ni, ya yi ƙasa da murya. "Alhaji, kamu ɗaya ne." A tafiyar nan gaba ɗaya wannan ne kaɗai lokacin da ya kira ni Alhaji.

Na tuɓe babbar riga na miƙa wa Sani. Na je gindin aguwa ta farko a gefen dama, na kama ta da hannu biyu, na ce wa mai unguwa ya shaida. Ban iya tuge ta ba sai da Sani ya sassare saiwar, amma hannuna ne a kanta lokacin da ta fito, kuma abin da al'ada take buƙata ke nan.

Malam Ilu ya tashi ya shiga gonarsa. Na ɗauka tafiya ya yi ya bar ni da kunyata. Sai ga shi ya komo da adda mai walƙiya.

"Shekara goma sha tara ina wasa ta," in ji shi, "ban san ranar aikinta ba."

Ban taɓa ganin tsoho ya yi aiki da nishaɗi kamar yadda Malam Ilu ya sare shingena ba. Shi ne a gaba, shi ke nuna wa samari inda za su ja, shi ke faɗa musu su kiyayi farin ruwan aguwa kada ya shiga ido, kada a kai wa likita mutum biyu. Da wani ya bar kututture ɗaya, ya komo da kansa ya haƙe shi. An gama da ƙarfe huɗu da minti goma. Kunya ɗaya ta gero, wanda saura mako uku a yanka, ta bi shingen. Ta-Bariki ta wuce a kanta cikin ƙasaita.

Unguwar Ɗinya

Na tarar da Yaya yadda Sani ya faɗa, a kan tabarma, kati a hannu. Na durƙusa na gaishe ta. Ta lalubo kaina ta shafa, ta tambayi Binta da uwargida da jikoki ɗaya bayan ɗaya, sa'an nan ta ce, "An ce sun yi gada mai kyau a rafi. Yaya ka gan ta?"

"Ta yi kyau, Yaya."

"To, madalla. Ni ba ni labari aka yi."

Muka ci tuwon dawa da miyar kuka da man shanu. Bayan magariba aka kawo ƙwarya cike da dafaffiyar gyaɗa daga gidan Malam Ilu, da saƙon cewa a gaishe da Alhaji da gajiya. Na karɓa. Gyaɗar ta yi daɗi, kuma gaskiya ba ta hana a faɗe ta don mai ita abokin gaba ne.

Alhamis da Jumma'a: Kano

Mun tashi da ƙarfe biyar da rabi na asuba. Aka kifa turmi a bayan mota, Sani da ƙanensa suka ɗaga mahaifiyarsu suka ɗora ta a kan katifa, ta jingina da safaya, ta ce ta fi bangon ɗakinta taushi. Muka bi burtali, babu abin da ya taɓa mu ta dama. Muka ƙetare kwalbati, Saje bai taɓa giyar ƙafa huɗu ba, na kuwa gode masa a zuci. Rimin Gado ƙarfe shida da kwata. A shingen jami'an tsaro matashin nan ya gane mu, ya leƙa baya ya ce, "Sannu, Kaka," ya ɗaga mana hannu.

Mun isa ƙofar asibiti da ƙarfe bakwai da minti ashirin da biyar. Motar ta ƙi shan kwanar ƙofa, muka bar ta a bakin titi, Binta ta fito da keken marasa lafiya. An kira sunan Yaya da ƙarfe takwas da minti goma. An fito da ita kafin azahar da auduga a idon dama, muka kwana a Rijiyar Zaki.

Ran Jumma'a da hantsi muka koma aka cire audugar. Ta daɗe tana ƙifta ido. Ta dubi Binta ta ce ashe ta yi ƙiba. Ta dubi Saje ta ce har yanzu goro bai ƙare masa haƙora ba. Da muka fito bakin titi ta sa aka tsayar da keken a gaban Ta-Bariki, ta bi tayar gaba da kallo daga ƙasa har sama.

"Wannan ce ta ci shingen?"

"Ita ce, Yaya."

"Ta yi ƙoƙari. Mai unguwa biyu sun kasa."

Sa'an nan ta juyo gare ni, ta ce in sunkuyo. Ta riƙe haɓata kamar lokacin da take wanke mini fuska, ta dube ni da sabon idonta har na rasa inda zan sa nawa.

"Ka tsufa, Auta. Shekara uku ban ga fuskar nan ba." Ta sake ni. "Shekarar farko ce kaɗai laifin idona."

Komowa

Na bar ta a gidan Binta, za ta yi mako biyu kafin a duba na hagun. Mun iso Bacirawa bayan an sauko daga Jumma'a, da ƙarfe huɗu saura minti ashirin. A ƙofar gidana muka tarar saman motar ya fi ƙofar shiga tsawo da yatsu huɗu. Saje ya dube ni, ya tambaya ko a kira magini. Na ce a bar ginin nan ya huta, na rushe abin da zan rushe a wannan mako. Tun ran nan Ta-Bariki a waje take kwana, inda kuke ganinta.

Ina godiya ga Allah da ya kai mu, ya komo da mu, ya mayar wa Yaya ganinta. Ina godiya ga Malam Ado mai faci, wanda ya faɗi gaskiya sau biyu. Ga Saje Garba, wanda ya faɗe ta fiye da yadda aka buƙata. Ga Binta da likitocin da suka yi aikin. Da mutanen Unguwar Ɗinya da suka yi wuni guda ba hanya saboda ni. Ina godiya ga Malam Ilu da addarsa. Na aika a tambaye shi yaushe zai mayar da nasa kamun, ya ce ran da ya sayi mota.

Na yi wa Yaya alkawarin zuwa kowane farkon wata, rani da damina. Ba ni da sauran uzurin da zan kawo: rafi yana da gada, burtali kuwa yanzu yana ɗaukata, domin da gonata aka faɗaɗa shi. Allah ya ba ni ikon cikawa, amin.